Sarkin Katsina Muhammadu Dikko (1865–1944): Sarauta, Baitulmali da Raya Karkara

1.0 Gabatarwa

A tarihin ƙasar Katsina na ƙarni na ashirin, da wuya a sami sarkin da ake yawan ambata kamar Alhaji Muhammadu Dikko. Mafi yawan masu ba da labarinsa sukan tsaya ne a kan ƙasaitarsa, da son dawakinsa, da tafiye-tafiyen da ya yi zuwa Makka da Ingila. Amma akwai wani ɓangare na rayuwarsa wanda ya fi waɗannan taɓa talaka kai tsaye. A zamaninsa ne aka raba aljihun sarki da dukiyar jama'a, aka kafa baitulmali, aka fara ɗibar kuɗin haraji ana yin hanyoyi da rijiyoyi da makarantu da ɗakunan shan magani. Wannan babi zai bi rayuwar Sarki Dikko ta wannan fuska, tare da mai da hankali ga kudancin Katsina, wato yankin Funtuwa da Malumfashi, inda noman auduga ya zama ginshiƙin arzikin masarautar.

1.1 Asalinsa da Tasowarsa

An haifi Muhammadu Dikko a shekarar 1865. Mahaifinsa shi ne Durɓin Katsina Giɗaɗo, daga zuriyar Fulani Sulluɓawa. Shi kuwa sunan Dikko, laƙabi ne da Fulani suka saba sa wa ɗan fari namiji. A lokacin da aka haife shi, sarautar Katsina tana hannun Dallazawa, wato zuriyar Malam Ummarun Dallaje, wanda ya karɓi mulkin ƙasar bayan jihadi, a wajajen 1807. Sulluɓawa suna cikin manyan gidajen da suka yi jihadin, kuma suna riƙe da sarauta mai daraja, amma ba su ne gidan sarki ba.

Dikko ya taso a zamanin da zaman lafiya ya yi ƙaranci. Sarakunan Haɓe da aka fitar daga birnin Katsina sun kafa mulkinsu a Maraɗi, kuma kusan ƙarni guda suka yi suna kawo hari domin ƙwato gadon iyayensu. Hare-haren ba su tsaya a arewacin ƙasar kaɗai ba, sukan biyo ta dajin Rugu su ɓulla har kudu, abin da ya sa garuruwa da dama suka watse, gonaki suka koma daji. Saboda haka, ban da karatun Alƙur'ani da sanin addini, ɗan sarauta na wancan lokaci dole ne ya iya hawan doki da riƙon makami. Bayan rasuwar mahaifinsa, a cikin shekarun 1880, aka naɗa Dikko Durɓi tun yana saurayi. A wannan sarauta ce ya yi suna da jarunta da kyauta da iya tafiyar da jama'a.

1.2 Zuwan Turawa da Hawansa Gadon Sarauta

A shekarar 1903, bayan cin Kano da Sakkwato, Gwamna Lugga ya iso Katsina, Sarki Abubakar ya karɓe shi ba tare da yaƙi ba. Sai dai zaman bai yi daɗi ba. Ba a cika shekara biyu ba Turawa suka tuɓe Abubakar, suka naɗa Malam Yero, wanda shi ma Badallaje ne. A cikin wannan tsakani Durɓi Dikko ne aka ɗora wa nauyin hulɗa da baƙin, yana samar musu da abinci da ma'aikata, kuma yana cika abin da aka sa shi a kan lokaci. Wannan ya kusantar da shi ga jami'in Turawa da ke kula da Katsina, wato H. R. Palmer.

A shekarar 1906, wadda a cikinta aka yi tarzomar Satiru a ƙasar Sakkwato, Turawa suka zargi Sarki Yero da rashin ba su haɗin kai, suka tuɓe shi. A ƙarshen shekarar aka ba Dikko riƙon ƙasa, aka kuma tabbatar masa da sarauta a farkon 1907. Da haka mulkin Dallazawa na kimanin shekara 100 ya zo ƙarshe, sarauta ta koma gidan Sulluɓawa, inda take har yau.

Wannan naɗi bai yi wa kowa daɗi ba. Mutane da yawa a birni sun ɗauke shi a matsayin wanda Nasara suka ɗora, ba wanda ya gada ba. Dikko ya san da haka, ya kuma san cewa wanda ya naɗa shi yana iya tuɓe shi kamar yadda aka yi wa magabatansa biyu. Wannan hali na zama tsakanin wuta biyu shi ne mabuɗin fahimtar mulkinsa: dole ya gamsar da Turawa da tsari da cika alkawari, dole kuma ya jawo zukatan Katsinawa da aikin da ido zai gani.

1.3 Kafa Baitulmali

Kalmar baitulmali Hausa ta aro ta ne daga Larabci, ma'anarta gidan dukiya. Ba baƙuwa ba ce ga malamai, domin littattafan fiƙihu da rubuce-rubucen shugabannin jihadi sun yi bayanin dukiyar al'umma da hanyoyin da ya halatta a kashe ta. Amma a aikace, kafin zuwan Turawa, kuɗin ƙasa da zakkar hatsi da jangali sukan bi ta hannun jakadu da masu gari da hakimai, kowa ya ɗebi rabonsa, abin da ya saura ya isa fada. Hakimai da yawa a birni suke zaune, ba su san ƙauyukansu ba sai ta bakin jakada. Babu rubutaccen kasafi, kuma babu iyaka bayyananniya tsakanin abin sarki da abin jama'a.

A wajajen 1910, Palmer da Sarki Dikko suka gwada wani sabon tsari a Katsina. Aka yarda cewa kason da ake bar wa masarauta daga haraji ba zai ƙara shiga hannun sarki kai tsaye ba, sai dai a zuba shi a baitulmali ƙarƙashin ma'aji da malamai masu rubuta shiga da fita. Aka yanka wa sarki albashi, haka ma hakimai da alƙalai da dogarai da sauran ma'aikata. Abin da ya rage bayan biyan albashi shi ake yi wa ƙasa aiki da shi, ko a ajiye domin gaba. Hakimai kuma aka umurce su da su bar birni su tare a gundumominsu. Da aka ga tsarin ya yi kyau, daga 1911 aka fara yaɗa shi a sauran masarautun Arewa, daga baya ya zama ƙashin bayan hukumar da Hausawa suke kira En'e.

Da farko rabin harajin ake bar wa masarauta, rabi kuma ya tafi ga gwamnatin Turawa. A 1928 aka ɗaga kason manyan masarautu masu cikakken tsari zuwa kashi 70 cikin 100. Ba ƙaramin abu ba ne a ce sarki mai cikakken iko ya yarda ya koma ɗan albashi. Sarakuna da dama sun ga abin a matsayin ƙasƙanci. Dikko kuwa ya hango cewa wanda yake riƙe da baitulmali, yake naɗa masu cin albashinsa, ya fi wanda yake jiran gaisuwa ƙarfi.

1.4 Kudancin Katsina: Auduga, Jirgi da Hanya

Ƙasar Katsina iri biyu ce. Arewacinta jigawa ce mai ƙarancin ruwan sama, wadda ta dace da gero da gyaɗa. Kudancinta kuwa, wato ƙasashen Maska da Bakori da Ɗanja da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari, laka ce mai samun ruwa isasshe, inda dawa da auduga suke yin kyau. Tun kafin zuwan Turawa an san ƙasar Maska da saƙa da rini. Da yaƙe-yaƙe suka ƙare, sai mutane suka riƙa kwararowa kudu neman gona, musamman bayan yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, wadda ta fi tsanani a arewa.

Su ma Turawa idonsu yana kan wannan yanki. Masaƙun Ingila suna bukatar auduga, kuma tun 1902 aka kafa ƙungiyar BCGA a Manchesta domin bunƙasa nomanta a ƙasashen da Ingila take mulka. Wannan ƙungiya ce Hausawa suka mayar da sunanta Bisije. An shigo da irin audugar Amurka mai dogon zare, aka riƙa raba wa manoma ta hannun hakimai da dagatai. A cikin shekarun 1920 aka kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, aka buɗe gonar yaɗa iri a Daudawa ta ƙasar Faskari. Tsakanin 1927 da 1929 aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Zariya, ta ratsa Funtuwa da Gusau, ta tsaya a Ƙaura Namoda.

A nan ya kamata a bambance masu kuɗin kowane aiki. Hanyar jirgi ta gwamnatin Turawa ce, injinan gurza kuma na Bisije ne. Abin da ya hau kan baitulmalin Katsina shi ne abin da zai kai audugar bakin jirgi: gyaran hanyoyin gundumomi, da kwalbatoci, da rumfunan kasuwa, da ma'aikatan da za su kula da su. Babbar hanyar yankin ita ce wadda ta tashi daga Funtuwa, ta bi ta Bakori da Malumfashi, ta haɗu da hanyar Kano zuwa Katsina a wajen Yashe. Wannan hanya ce ta ɗaure kudu da birni, waɗanda tsakaninsu ya kai kimanin kilomita 200. Sarki Dikko, wanda yana cikin sarakunan farko da suka mallaki mota, ya riƙa bin waɗannan hanyoyi yana rangadi, yana duba aikin hakimai, yana kuma kwaɗaitar da mutane noma.

Sakamakon haka ya bayyana cikin 'yan shekaru. Funtuwa, wadda a da ƙaramin gari ce, ta zama mazaunin Sarkin Maska, ta cika da kantunan Turawa da 'yan baranda da fatake da ma'aikatan jirgi daga sassa daban-daban na Nijeriya. Malumfashi, mazaunin Galadiman Katsina, ita ma ta bunƙasa ta zama babbar kasuwar auduga da hatsi.

1.5 Ruwa, Lafiya da Ilimi

Ban da hanyoyi, baitulmali ya shiga wasu ayyukan da suka shafi rayuwar yau da kullum. Daga ƙarshen shekarun 1920 sashen gwamnati mai binciken ƙarƙashin ƙasa ya fara haƙa rijiyoyin siminti a Arewa, masarautu suna biyan kuɗin aikin, kuma ƙasar Katsina tana cikin waɗanda suka amfana. Rijiyar da aka ɗaure da siminti ba ta rubzawa da damina, kuma takan yi zurfin da ba ta ƙafewa da bazara. Ga matar da take tafiya mai nisa da tulu, wannan ya fi kowane gini na birni amfani.

Ta fuskar lafiya, an gina asibiti a birnin Katsina, aka kuma fara buɗe ɗakunan shan magani a hedikwatocin gundumomi a farkon shekarun 1930. An keɓe wurin jinyar kutare a Babbar Ruga. Makiyaya, waɗanda suke biyan jangali, sun sami allurar riga-kafin bushiya, cutar da takan share garke cikin 'yan kwanaki. Haka kuma an ɓullo da noma da shanu, inda En'e take ba manomi bashin bijimai da garma, ya riƙa biya a hankali bayan kaka.

A fannin ilimi ne sunan Dikko ya fi fita. A lokacin da mutane da yawa suke gudun boko, shi ya sa 'ya'yansa da na fadawansa a makaranta. Ya karɓi kwalejin horon malamai da gwamnati ta kafa a Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922. A cikinta ne Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam suka yi karatu. A 1938 aka mayar da ita Kaduna, daga baya ta koma Zariya, ita ce Kwalejin Barewa. A wajajen 1930 kuma Katsina ta zama ɗaya daga cikin wurare biyu na farko, ita da Kano, da aka buɗe wa 'yan mata makaranta a masarautun Arewa. Ga ɗalibin Hausa, abin lura shi ne cewa daga wannan da'ira ta malamai da ɗaliban Katsina aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara. Shi Bello Kagara ɗin ne kuma ya rubuta tarihin Sarki Dikko da Hausa.

1.6 Tafiye-tafiyensa

A shekarar 1921 Dikko ya tafi aikin hajji, ya zama sarki na farko a Arewa da ya sauke farali yana bisa gadon sarauta. Ya bi ta Ikko ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila, inda ya gana da Sarki Joji na biyar, sa'an nan ya wuce ƙasa mai tsarki. Ya sake komawa Ingila da Makka bayan wannan. Abubuwan da ya gani a can sun ƙara masa sha'awar gine-gine da asibitoci da kiwon dawaki na zamani. Shi ne ya dasa wasan folo a Katsina, wasan da ɗansa Usman Nagogo ya shahara a kansa. A cikin shekarun 1930 ya gina babban masallacin Juma'a na birni. A 1934 kuma aka cire Katsina daga lardin Zariya, aka haɗa ta da Daura suka zama lardi mai zaman kansa.

1.7 Inda Gizo Yake Saƙa

Tarihi ba kirari ba ne, saboda haka dole a faɗi ɗaya ɓangaren. Da farko, kuɗin da ake yin waɗannan ayyuka daga aljihun talaka suke fitowa, kuma da kuɗin Turawa ake biyan haraji, ba da hatsi ko wuri ba. Wannan ya tilasta wa manomi ya noma auduga ko gyaɗa, ya sayar a farashin da kamfanoni suka yanka. Da kasuwar duniya ta faɗi daga 1929, farashin amfanin gona ya karye, amma mai karɓar haraji bai daina zuwa ba. Magidanta da yawa sun sayar da hatsin ci ko dabbobinsu, wasu suka tafi cin rani.

Na biyu, kaso mafi tsoka na kuɗin baitulmali a albashin sarki da hakimai da sauran ma'aikata yake tafiya. Abin da ya rage, birni ne yake fara samu. Wani kaso kuma ana ajiye shi a Ingila da sunan tanadi, kuma a lokacin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu an ɗebi gudummawa daga baitulmalin masarautu. Na uku, hanyoyin da aka fi kula da su su ne masu kai auduga tasha. Ƙauyen da ba ya kan wannan layi sai ya yi ta jira. Na huɗu, yawancin aikin hanya da gumin talakawa aka yi shi, ta hanyar aikin tilas da dagatai suke tara mutane. A tsakanin 1942 da 1944 kuma an kwashi mutane daga lardunan Arewa, har da Katsina, zuwa haƙar kuza a Jos, abin da aka riƙa kira ɗiban gwamna.

Bugu da ƙari, Dikko ya yi amfani da ikon naɗi wajen ɗora 'ya'yansa da makusantansa a gundumomi da ofisoshi, domin kafa gidansa. A duk wannan tsari, mai biyan haraji ba shi da bakin tambayar yadda aka kashe kuɗinsa. Sarki da Razdan ne suke tsara kasafi, Gwamna ya sa hannu.

1.8 Rasuwarsa da Abin da Ya Biyo Baya

Allah ya yi wa Sarki Muhammadu Dikko rasuwa a shekarar 1944, bayan ya yi shekara 37 da 'yan watanni yana mulki. Ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi, ya yi sarauta har zuwa 1981. Daga cikin jikokinsa akwai Sarki Muhammadu Kabir Usman, da masanin tarihi Dokta Yusufu Bala Usman.

Tsarin da aka fara a zamaninsa ya rayu bayansa, amma koke-koken da ya haifar su ma ba su mutu ba. Su ne suka zama makamin jam'iyyar NEPU daga 1950. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, baitulmali ya koma hannun ƙananan hukumomi. A 1979 gwamnatin Alhaji Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda ƙasar Katsina take ciki a lokacin. Kafin nan, daga 1975 zuwa 1980, an gudanar da Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da kuɗin gwamnatin tarayya da ta jiha da rancen Bankin Duniya, inda aka yi hanyoyin karkara da ƙananan madatsun ruwa da cibiyoyin sayar da taki a yankin Funtuwa da Malumfashi. Shi ma an yabe shi, an kuma soke shi da cewa manyan manoma ne suka fi cin moriyarsa. A 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina. A 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, abin da ya nuna cewa gardamar wanda zai riƙe kuɗin karkara ba ta ƙare ba.

1.9 Kammalawa

Muhammadu Dikko ya hau mulki ta hannun baƙi, ya kuma yi aiki a cikin iyakar da suka shata masa. Duk da haka, a hannunsa ne aka fara tabbatar da cewa dukiyar ƙasa amana ce da ake rubutawa, ake lissafawa, ake kuma yi wa jama'a aiki da ita. Abin da zamaninsa bai ba manomin Bakori ko na Ƙafur ba shi ne ikon tambaya. A wancan lokaci kuɗin daga rumbunsa suke fita, amma ba shi da murya. Daga baya ya sami ƙuri'a, sai kuma mafi yawan kuɗin suka koma zuwa daga asusun tarayya, ya zamana rijiya ko hanya ana kawo masa ita kamar kyauta, alhali haƙƙinsa ce. Wanda ya karanta tarihin Dikko ya fahimci wannan, ya san tambayar da zai yi duk ranar da aka zo aza harsashin wani aiki a ƙauyensu: kuɗin wane ne, wa ya zaɓi wurin, wa kuma zai gyara idan ya lalace. Allah ya jiƙan Sarki Dikko, ya gafarta masa kurakuransa.

Tambayoyi

1. Bayyana yadda sarautar Katsina ta tashi daga gidan Dallazawa ta koma gidan Sulluɓawa.
2. Mene ne bambancin yadda ake sarrafa kuɗin haraji kafin kafa baitulmali da bayan kafa shi?
3. Kawo dalilai uku da suka sa Funtuwa da Malumfashi suka bunƙasa a cikin shekarun 1920.
4. Tattauna amfani da illolin tsarin baitulmali ga manomin kudancin Katsina.